Igiyar da Aka Naɗe a Baibai

Furunze, 18 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga maigidana, Baban Meerim,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya sanyin can sama? Tarin nan ya sake ka kuwa? Apa tana gaishe ka, ta ce in gaya maka har yau ba ta gane aikin da zai sa ɗa ya bar uwarsa wata shida ya je kan dutse yana auna iska ba. Meerim haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta hana ni faɗa maka, don haka ka yi kamar ba ka ji ba.

Wasiƙarka ta iso da motar Esengul ranar Talata, kuma na ji daɗi da ka ce wa'adinka a tashar auna yanayi zai ƙare ƙarshen Yuni. To ka saurara, na gama tsara komai. Za mu shiga gandun Ala-Arca ranar tara ga Yuli, kwana biyar, ni da kai kawai. Apa ta yarda za ta tafi ƙauye da Meerim. Sai da na yi kwana uku ina lallaɓa ta, tana cewa, "Mace mai 'ya ta goya jaka ta hau dutse, me kika ajiye a can?" Na ce mata ɗanta na ajiye. Ta yi tsaki, amma ta yarda.

Ranar farko mu bi ta wajen zubowar ruwa mu kwana a bukkar dutse da ke gindin Ak-Sai, kogin nan na daskararriyar ƙanƙara. Rana ta biyu mu hau ƙololuwar dutsen da ake kira Malam don ƙafa ta saba, tunda ita ba ta buƙatar igiya. Rana ta uku ita ce tawa: mu ɗaura igiya mu ratsa ƙanƙarar Ak-Sai har inda aka fara haɗa ni da kai shekara goma sha biyu da suka wuce, kana ta mita wai an ɗaura maka yarinya. Ka tuna wa ya zurma cikin tsagar ƙanƙara har ƙugu a ranar, wa kuma ya riƙe shi? Ni dai ban manta ba. Tun da aka haifi Meerim ba mu taɓa fita mu biyu ba, kullum da 'yan ƙungiya, kullum da mai neman gishiri ko ashana a bakin tantinmu. Shekara bakwai ina jiran kwana biyar ɗin nan.

Kada ka ɗauka zaune nake. Kowace safiya ina zuba bulo shida a jakar goyo in hau benenmu sau goma. Maƙwabciyarmu ta hawa na uku ta tare ni jiya ta ce, "Jipara, in gini kike yi a sama ki faɗa mana mu zo taya ki." Na tanadi madarar gwangwani, Apa ta shanya mana kurut, busasshen cukun nan mai tsami irin wanda kake so, busasshen nama kuma sai lokaci ya matso. Rishon ya sake toshewa, na bar maka shi.

Na je ofishin ƙungiyarmu ta masu hawan dutse wurin Baba Yefim. Ka san halinsa, ba zai sa hannu a takardar fita ba sai ya ga sunayen masu tafiya, ya kuma bi igiya da idonsa taku-taku. Ya ce in kawo kafin makon farko na Yuni. Don haka ka ba Esengul jar igiyarmu ya zo mini da ita, tunda kai ka tafi da ita.

Saura magana ɗaya, ƙarama ce. Sabuwar mai oba-obar nan taku, Rimma, sunanta ya fito sau huɗu a wasiƙa mai shafi biyu. Ta iya shayi, ta iya gyaran batir, ba ta tsoron iska, ta taɓa hawan duwatsu a garinsu. Nawa sunan sau ɗaya ya fito, shi ma a bayan ambulan. Ba na cewa komai, lissafi kawai na yi, ka san aikina koyar da shi ne. Shekarunta nawa? Ka manta ba ka faɗa ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa rufe wuya. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Jipara

Furunze, 21 ga Afrilu, 1984

Baban Meerim,

Ina gaishe ka, ina kuma fata kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani sai abin da aka ga damar gaya mini. Mu nan lafiya ƙalau. Apa ƙafarta ta ɗan matsa mata amma da sauƙi. Meerim ta zo ta biyu a ajinsu.

A watan Maris Esengul ya zo hannu rabbana, ya ce aiki ya yi maka yawa, ka ce a gaishe mu. Na haƙura, ban rubuta ba ni ma, don in nuna maka yadda abin yake da daɗi. Wannan watan kuma ya kawo mini layi shida da aka buga da tafireta. Kai da ka ce tafiretar tasharku kayan rahoton gwamnati ce, ba ka rubuta wa mutum da ita? Ni na zama rahoto ke nan? Ko sa hannunka a ƙasa bai yi kama da naka ba, kamar kana sauri ka rabu da takardar. Kuma na san wadda ke zama a gaban tafiretar nan, kai da kanka ka gaya mini a watan Fabrairu.

A cikin layi shidan, uku na cewa mu bar ƙanƙara, mu yi yawo a kwarin Adigine, wai furanni suna kyau a Yuli. Furanni. Ni za ka kai kallon furanni, tare da 'yan fansho da masu gasa nama a bakin ruwa? Kai ne fa ka ce wanda ya shiga Ala-Arca bai taka ƙanƙara ba, kasuwa ya je. Wa ya sauya maka ra'ayi cikin wata biyu?

Yanzu bari in zo kan abin da ya tsaya mini a wuya. Igiya ta iso. Ina buɗe buhun na tsaya ina kallonta. Shekara goma sha biyu ina kallon yadda kake naɗe igiya: kana ɗora ta a hannun hagu kana jawowa da dama, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa, ka ɗaure da kewaye biyar, ka cusa bakin ta ƙasa. Ko a cikin igiyoyi ɗari zan nuna taka. Wannan an naɗe ta a baibai. Zagayen wani dogo wani gajere, ɗaurin kewaye uku ne, bakin kuma ya fito ta sama. Ba kai ka naɗe ta ba. Bahago ne ya naɗe ta, ko in ce bahaguwa.

Kai ne mutumin da ya ƙi yi wa ƙaninsa magana kwana biyu don ya taɓa igiyar nan ya shanya kaya. Kai ka ce mini igiyar mutum biyu ba ta shan hannu na uku. Ni ma sai da muka yi shekara da aure ka bar ni na naɗe ta.

Na bi Esengul har bakin mota na ce, "Esengul baike, yayana, don Allah Rimmar nan bahaguwa ce?" Ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ƙanwata, ni direba ne, ba na duba hannun da mutane ke cin abinci da shi." Na ce ya tuna dai. Ya ce, "Ina jin haka ne. E, bahaguwa ce." Ya faɗa mota ya ja, ko shayin da Apa ta zuba masa bai shanye ba. Mutumin da ba ya tashi sai ya ga ƙarshen buta.

Ban warware igiyar ba. Na mayar da ita buhu na cusa bayan kabad, don ba na son taɓa ta. Zan faɗa maka gaskiya, kishi nake ji, kuma ina jin kunyar kaina da nake jin sa. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara rabawa, sai in ga ku biyun a ɗakin nan mai murhu, iska na kaɗawa a waje, kana nuna mata yadda ake riƙe igiyarmu. Ban san fuskarta ba, don haka kullum sai in ba ta wadda ta fi ta jiya kyau.

Ba na fasa ƙanƙara. Na ƙara bulo biyu a jaka. Ka amsa mini da alƙalami, da hannunka, ko layi biyu ne.

Apa da Meerim suna gaisuwa.

Matarka,
Jipara

Furunze, 19 ga Mayu, 1984

Toktosun,

Ka ga na rubuta sunanka, abin da ban taɓa yi a kan takarda ba. Apa ba za ta gani ba, kai kuma ka gani. Ina fata kana lafiya. Mu lafiyarmu lau.

Amsarka ta zo, da tafireta. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune don kada in zalunce ka. Ka ce in dai na nace sai ƙanƙara, to mu tafi mu uku, Rimma ta zama ta ƙarshe a igiya, wai ta ƙware, wai hankalinka zai fi kwanciya. Ka ce in rubuta sunanta a takardar Baba Yefim, har ka aiko mini da sunan mahaifinta don kada in yi kuskure. Na gode da wannan kulawa.

Ina so in san yadda aka yi. Kai ka faɗa tana bugawa? Da kuka zo wurin sunanta ta ɗago ta dube ka, ko ta yi kamar ba ita ba? Wasiƙuna fa, ita ma tana karantawa? Ta san na goya bulo ina hawa bene kamar jaka don in yi kwana biyar da mijina?

Hankalinka zai fi kwanciya. Yaushe hankalinka ya daina kwanciya da ni a igiya? Na haihu, na ƙara ƙiba, na yarda. Amma na riƙe ka lokacin da nake siririya kamar sanda, yanzu ne zan kasa? Ko tantin ne ya yi mana faɗi? Na mutum biyu ne, ni na ɗinka shi, na san faɗinsa. Ka gaya mini inda ta ukun za ta kwanta.

Esengul wannan karon bai so shigowa ba, Apa ce ta ja shi. Ta sa masa nama a gaba tana tambayarsa ko kana cin abinci, ko ka rame. Ya ce, "Haba Apa, yana ci sosai, ai Rimma ba ta barinsa da yunwa, ita ke yanka masa naman ma ta tura masa gaba." Yana faɗa ya ƙware, ya yi ta tari har da hawaye. Apa ta dube ni, na dubi faranti. Bayan ya fita ta ce, "Kelin, matar ɗana, maza a kan dutse kamar yara suke, kada ki sa a ranki." Ban taɓa jin Apa ta yi mini magana da taushi haka ba, shi ya fi komai ƙona mini rai. Uwarka tana tausayina.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa yanka maka nama ba, domin ka ce namijin da ba ya yanka namansa da wuƙarsa bai isa zama a tabarmar maza ba. Ashe akwai wadda za a sassauta wa.

Ba zan rubuta suna uku ba. Ko biyu, ko babu. In kana so ka ratsa Ak-Sai da ita, ka zo da ƙafarka ka gaya wa Baba Yefim, ka kalli idonsa, shi da ya sha shayin aurenmu. Ranar Litinin zan kai masa igiyar, in ce ya ajiye ta a ɗakin kayan ƙungiya, duk mai so ya ara, tunda ta zama ta kowa.

Na roƙe ka layi biyu da hannunka ka hana ni. Hannun da ya gaza riƙe alƙalami ya rubuta wa matarsa, ni ban ga amfaninsa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Meerim ta zana maka doki, yana cikin ambulan. Ita ba ruwanta.

Jipara

Furunze, 26 ga Mayu, 1984

Zuwa ga maigidana, Baban Meerim,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka? Wannan karon da gaske nake tambaya, kuma na san abin da nake tambaya. Yana yi maka zogi in sanyi ya sauko? Wa ke sauya maka bandeji? A'a, bar wannan, na san amsar.

Ranar Litinin na kai igiyar ofis kamar yadda na ce. Na tarar da Baba Yefim shi kaɗai yana shan shayi. Na dire buhun a kan teburinsa na ce na fasa tafiya. Ya zazzage igiyar, ya juya ta, ya kai ƙullin kusa da tabaransa. Sai ya ce, "Wa ya naɗe wannan?" Na ce wata bahaguwa ce a tasharku. Ya ce, "Bahaguwa? Yarinya, shekara nawa kina hawa dutse? Bahago naɗinsa a baibai yake amma daidai yake, tsaf. Wannan a wuya aka rataya ta ana jawowa da hannu ɗaya. Dubi nan." Ya nuna mini bakin igiyar. Shatin haƙora ne, an ciza an ja don ƙullin ya ɗaure. Ya ce, "Ni ma haka nake yi." Ya ɗaga mini hannunsa na dama, wanda duk mun saba gani har mun daina gani, mai yatsa biyu. Sannan ya sa igiyar a hancinsa ya miƙo mini. Warin maganin nan ne mai kama da kwalta, wanda ake shafa wa ciwo.

Wata guda igiyar nan tana bayan kabad ɗina. Da na warware ta ranar da ta zo, kamar yadda ka koya mini a yi wa kowace igiya, da na ji warin. Kishi ya hana ni taɓa ta.

Na fita da gudu zuwa garejin su Esengul, aka ce ya kama hanya tun ranar Lahadi, da wasiƙata a aljihunsa. Ban san yadda na yi kwana huɗun nan ba. Na shiga aji na fito, ban san me na koyar ba. Layin nan da na rubuta a kan hannunka yana ta yawo a kaina. Ranar Juma'a na tsare shi a ƙofar gidansa tun bai kashe mota ba. Ya ce, "Ƙanwata, rantsuwa ya sa na yi." Na ce ya karya, zunubin a kaina. Ya kifa kai a kan sitiyari ya faɗa mini duka.

Ya ce ranar biyu ga Maris guguwar dusar ƙanƙara ta karya eriya, Rimma ta fita gyarawa ta ɓace tsakanin eriyar da ɗaki, ka fita nemanta. Ka same ta iska ta ƙwace mata safar hannu ɗaya, ka cire taka ta dama ka sa mata, ka jawo ta kusan awa biyu kafin ku ga ƙofa. Ya ce shi ya sauko da kai asibitin gunduma, aka cire yatsu uku, aka bar maka babban yatsa da manuni, shi ma manunin bai gama lanƙwasuwa ba. Ya ce likita ya ce ka tafi gida, ka ce a mayar da kai tasha, gara ka ƙarasa wa'adinka da ka shigo mini da hannu a naɗe. Awa shida ne daga asibitin nan zuwa ƙofata, Baban Meerim. Kwana goma sha tara ka yi a kwance.

Na tambaye shi ko ka karanta wasiƙar a gabansa. Ya ce ka karanta, ka ninke da hannu ɗaya a kan gwiwa, ka ce, "Ta fi ni gaskiya, ba ta dai sani ba." Ka yafe mini layin nan da na rubuta a kan hannunka. Ba ni da abin da zan ce a kansa, na rubuta shi, kuma a lokacin so nake ya yi maka ciwo.

Amma kada ka ɗauka na huce, don ban huce ba. Safar nan ni na saƙa ta, da ulun da Apa ta kaɗa. Na san abin da ka yi shi ne daidai. Da ka bar yarinyar mutane ta rasa hannu kana da safa biyu, da ban ƙara zama inuwa ɗaya da kai ba. Na sani sarai, kuma duk da haka in na tuna yatsunta goma cif suna nan, naka uku sun tafi, sai kishin ya taso mini. A da ina kishin abin da na zata. Yanzu ina kishin abin da ya faru, kuma ya fi ciwo. Ita ta ga hannun ranar da ya yi baƙi. Ita ta ji abin da ka ce da aka kwance bandejin farko. Ita ta ɗaura maka igiyar takalmi, ta yanka maka nama, ta zauna tana buga ƙaryar da kake aiko mini. Duk wannan aikina ne, ka ɗauka ka ba wata, ni kuma ka bar ni da bulo da madarar gwangwani. Ka gaya mata na gode, da gaske nake. Ka kuma gaya mata ba na son ganinta bana, wataƙila baɗi.

Na gane lissafinka. Ka ga in na zurma cikin tsaga ba za ka iya riƙe ni ba, ka ga kuma na ƙwallafa rai a kan ƙanƙara, shi ne ka nemo mini mai hannu biyu. Kai a ganinka ƙanƙarar nake so. Kai da kake karanta gajimare tun yana bayan dutse, ka kasa karanta matarka.

Jiya na koma wurin Baba Yefim na karɓi takardar. Ya ce, "Suna nawa?" Na ce biyu. Ya ce, "Wa zai riƙe ki a Ak-Sai?" Na ce babu Ak-Sai bana. Na soke rana ta uku da hannuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, da ƙyar na ja layin. Ga sabon tsari: mu kwana biyu a bukkar dutse, mu hau Malam a hankali, mu zauna a sama mu kalli ƙanƙarar daga nesa mu zage ta. Furannin Adigine kuwa ka kai Apa. Tanti da risho suna jakata, kada ka yi mini gardama, wata uku ina goyon bulo. Baba Yefim ya ce in kaka ta yi ka same shi, zai nuna maka yadda ake riƙe mutum da ƙugu da gatarin ƙanƙara. Ya ce da yatsa biyun nan ya taɓa tsayar da ƙaton da ya fi ka nauyi, kuma in ka tsaya jin kunya zai zo har gida ya ja kunnenka.

Ban gaya wa Apa ba. Wannan naka ne, kai za ka faɗa mata da bakinka, ni zan zauna kusa da ita. Meerim kuma yara sun fi mu sauƙi, za ta tambaya sau ɗaya ta ce ka nuna mata.

Esengul zai kawo muku kananzir ranar Litinin, shi zai ba ka wannan. Kada ka amsa da tafireta. Ka ɗauki fensir da hagu, ko da rubutun ya fi na Meerim muni, zan karanta. In layi ɗaya ka iya, ya isa.

Abu na ƙarshe. Ranar talatin ga Yuni zan tsaya a bakin gareji. Na san ka, tun motar ba ta tsaya ba za ka cusa hannun a aljihu, ka miƙo mini na hagu kana wasa da dariya. Kada ka yi. Mutum huɗu sun riga ni ganinsa, har da direba, ba zan ƙara jira a bayan kowa ba. Shi za ka fara miƙo mini, a buɗe, a gaban mutane. Abin da ya rage a jikinsa nawa ne.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sauko mana da kai cikin aminci. Apa tana gaisuwa, Meerim tana tambayar ko dokin ya iso.

Matarka, mai jiranka,
Jipara